KAFIN ALƘALAMI YA HAU KANSA: YARO DA TABAR WIWI, ALHAKIN WA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya kuma sanya 'ya'ya amana a hannun iyayensu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai tambayar da ta kamata kowane mai ɗa ya yi wa kansa. Idan aka kama saurayi ɗan shekara 15 a bayan tasha ko cikin wani kango yana zuƙar tabar wiwi, abin da muka saba shi ne mu ce ya lalace, mu tsine wa abokansa, wani uban ma ya kore shi daga gida. To, shin a ranar da aka kama shi ne abin ya fara? In kuwa ya daɗe da farawa, alhakin shekarun da suka gabata yana wuyan wa?

Game da hukuncin wiwi kanta babu jayayya. Imam Alƙarafi, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a Masar shekara ta 684 bayan Hijira, ya sanya ta a littafinsa Alfuruƙ cikin abubuwan da ke ɓata hankali, ya ga a yi wa mai shan ta horo gwargwadon ganin alƙali. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu shekara ta 728, ya ɗauke ta daidai da giya, ya ga a tsayar da haddi. Saɓaninsu a kan nau'in horo ne, amma sun haɗu a kan haramcin gusar da hankali da ita. Dokar ƙasarmu ma, mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, ta hana noma ta da sayar da ita da shan ta.

Sai dai kuma ya inganta a hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito cewa ba a rubuta wa yaro zunubi har sai ya balaga. Da yawa daga cikinmu sauƙin da aka yi wa yaro kaɗai muke hangowa a nan. Mu dubi ɗaya gefen: shekarun nan da ba a tambayar yaro, ana tambayar wanda aka ba kiwonsa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya ɗora wa uba da uwa matsayin makiyayi, aya ta 6 ta Suratut Tahrim kuma ta haɗa tsare iyali da tsare kai a umarni guda.

Masana lafiya sun bi ta tasu hanya sun iso kusa da nan. Tsakanin 1995 da 1997, a birnin San Diyego na Amurka, an tambayi manya fiye da 17,000 irin abin da suka gani suna yara: duka, zagi, sakaci, rabuwar iyaye, zama da mashayi a gida, da makamantansu. Aka tarar waɗanda suka haɗu da biyar ko fiye daga cikin waɗannan sun fi waɗanda ba su haɗu da ko ɗaya ba faɗawa matsalar miyagun ƙwayoyi, ninki 7 zuwa 10. Likitoci sun kuma tabbatar ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, shi ya sa kusan ɗaya cikin shida na masu fara wiwi da ƙuruciya ke kasa rabuwa da ita.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi ƙofofin da wannan annoba ke shigowa ta cikinsu a Konni da Malbaza da Illela.

Ta farko, rashin uba a gida. Ƙasar Adar ta shahara da cirani. Da an kai amfani rumbu sai magidanta su kama hanyar Najeriya ko Libiya ko Abijan, wani wata shida, wani shekara uku. Neman halal ibada ne, babu mai musu. Amma kafin ka ɗauki jaka, wa ka damƙa wa yaronka? A da, baffa da kawu da maƙwabci duk iyaye ne. Yau kuwa mai tsawata wa ɗan wani yana iya kwana a gaban hukuma ko ya sha baƙar magana, don haka kowa ya kama bakinsa.

Ta biyu, gidan da babu kwanciyar hankali. Saki a kan abin da bai taka kara ya karya ba ya bar yara da yawa suna yawo tsakanin kaka da kishiyar uwa. Yaron da kullum abin da ke shiga kunnensa shi ne ɗan banza, la'ananne, ranar da wani ya kira shi aboki ya miƙa masa abu a naɗe, da wuya ya ƙi, domin abin da ya je nema a wurin shi ne a karɓe shi.

Ta uku, abin da idonsa ke gani. Uban da ke aiken ɗansa sayo sigari, da wan da ke haɗiyar tramol da shayi kafin ya tafi gona ko lodi, sun riga sun koya masa cewa gajiya da damuwa da wani abu ake kashe su. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ta huɗu, kuɗi a hannu kafin hankali ya zauna. Allah Ya yi wa yankinmu albarkar ciniki: ga iyaka da Illelar Sakkwato, ga babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ga mararrabar Tsarnawa, ga albasar Galmi da simintin Malbaza. Yaro ɗan shekara 11 ya bar lakwal da makarantar allo, ya koma zuba man ruwa-ruwa a kwalba ko dako a tasha, yana wuni da ƙattin da suka haife shi, yana kwana da kuɗin da babu mai tambayarsa yadda ya kashe su. Haka almajirin da aka turo gari babu guzuri, babu mai leƙo shi shekara da shekaru.

Ta biyar, samuwar abin a kusa. A watan Maris na 2021 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 na danƙon wiwi a Yamai. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 kuma ya ƙiyasta masu shan ta a can sun kai miliyan 10.6. Wanda ke zaune tsakanin waɗannan hanyoyi bai kamata ya yi barci da ido biyu ba. Amma mu tuna, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce: ai ga marayu nan da suka tashi cikin wahala suka zama malamai, ga kuma ɗan Annabi Nuhu (A.S.) da ya tashi a gidan annabci ya ɓata. Wannan gaskiya ne, shiriya ta Allah ce. Abubuwan da muka lissafa sabubba ne da ke ƙara haɗari, ba su yanke wa kowa hukunci. Manomi yana iya yin shinge kuma fari ya cinye gonar, wannan jarrabawa ce. Amma wanda ya bar gonarsa a buɗe, awaki suka shiga, ba shi da bakin cewa ƙaddara ce kawai. Haka kuma kai saurayi, daga ranar da ka balaga alƙalami ya hau kanka, sakacin mahaifinka ba zai zame maka hujja a gaban Allah ba. Hisabi biyu ne, kowa da nasa, ɗaya ba ya share ɗaya.

Saboda haka muna kira ga iyaye: ku ci abinci tare da 'ya'yanku, ku san fadar da suke zama da waɗanda suke shan shayi tare, ku daina aikensu sayen taba. Mai tafiya cirani ya naɗa wakili a gaban shaidu kamar yadda yake yi wa dabbobinsa da gonarsa. Muna kira ga limamai da kwamitocin masallatai su san marayu da 'ya'yan matafiya na unguwarsu, su raba su tsakanin dattawa masu kulawa. Wanda kuma ɗansa ya riga ya faɗa, kada ya kore shi, domin korar kai tsaye take miƙa shi ga dillalai. A haɗa masa nasiha da addu'a da ganin likita da sana'a. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya yafe mana sakacinmu a kan amanar da Ya ba mu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.