Fasinja Ba Haja Ba Ne

Karatu: Farawa 37:25-28, Romawa 13:1-7

Ɗan'uwa, a shekarar 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure. Direbobin Agadez masu kai fasinja Sabha, a kudancin Libiya, suka ji jiki: aka ƙwace motoci, aka ɗaure waɗansu. A Nuwamba 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. To, kome ya halatta ke nan?

Manzo Bulus ya umarce mu mu yi wa hukuma biyayya, mu biya haraji. Amma dokar mutum takan sāke, ta Ubangiji kuwa tana nan daram. A 2017 hukumar ƙaura ta duniya ta ba da rahoton ana sayar da matafiya a Sabha. Fataken da suka sayi Yusufu da azurfa 20, ba wanda ya tare su a hanya, amma Allah yana gani.

Kai ɗan kasuwa, ka cika takardunka, ka biya kuɗin fito. Sa'an nan ka tambayi zuciyarka: ribar nan, akwai hawayen wani a ciki?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare hannuna daga ribar zalunci, cikin sunan Yesu. Amin.