Gawar da Wuta ta Ci: Ina Makomar Ran Mai Ita?



Akwai tambaya wadda masu shirin baftisma sukan riƙe a zuci, suna jin nauyin faɗinta a gaban jama'a. Idan wuta ta cinye gawar mutum har ta zama toka, ina makomar ransa? Zai tashi a ranar ƙarshe tare da sauran matattu, ko kuwa ya ɓata ke nan?

A ƙasarmu ta Gaya da Ajingi ba a san ƙona gawa ba. Musulmi da Maguzawa da Kirista duka binnewa muke yi, jin zancen ma yakan sa tsikar jiki ta tashi. Amma tambayar ta iso ƙofarmu. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙasar Taura ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawa ba a iya shaida su ba, aka haɗa su a kabari ɗaya. A Legas kuma, inda 'ya'yanmu suke zuwa cin rani, an kafa doka a 2013 wadda ta yarda a ƙona gawar wanda ya nemi haka, da gawar da ba a sami mai ita ba. A Laberiya ma, a 2014, hukuma ta umarta a ƙona waɗanda cutar Ebola ta kashe, domin kada masu wankan gawa su kamu. Uwa wadda ba ta sami ko ƙashin ɗanta ba ta cancanci amsa mai gaskiya.

Na fari, ka sani wuta ba ta isa ga rai ba. Sa'ad da mutum ya cika, ransa ya riga ya koma hannun Mai shi, abin da ya rage kuwa gida ne wanda mai shi ya fita. Ka tuna da misalin da Ubangiji Yesu ya bayar na mai arziki da Li'azaru. An faɗi binnewar mai arzikin, ba a faɗi ta matalaucin ba, duk da haka matalaucin ne ya sami hutawa. Ashe likkafani mai tsada ba ya sayen ceto, rashinsa kuma ba ya hana shi.

Na biyu, wuta da ƙasa aikinsu ɗaya ne. Wanda aka binne, ƙasa da gara sukan cinye shi a hankali cikin shekaru. Wanda aka ƙona, wuta takan gama wannan aiki cikin sa'o'i kaɗan. Da a ce tashin matattu yana jiran cikakkiyar gawa, da ba mai tashi daga cikin kakanninmu. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 15, ya kwatanta jiki da iri. Kai manomi ka fi kowa gane wannan: ƙwayar geron da ka shuka ba ita kake girbewa ba, takan ruɓe, zangarniya ta fito a maimakonta. Kuma labarin Kano ya ce maƙera ne daga Gaya suka tafi Dala neman tama, su ne ake kira Abagayawa. In maƙeri ya san fid da ƙarfe daga dutse da toka, Mahaliccin maƙeri zai kāsa tattara abin da hannunsa ya yi?

Na uku, ka dubi shaidar waɗanda suka riga mu. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar da ake kira Faransa yanzu, an kashe masu bi, aka ƙone gawawwakinsu, aka zuba tokar a kogin Ron, da nufin a yanke musu begen tashi. A ranar 3 ga Yuni 1886, a Namugongo ta ƙasar Uganda, Sarki Mwanga ya sa aka ƙone samari masu bi da ransu. Ikilisiya ba ta taɓa cewa waɗannan sun ɓata ba. A cikin shahidai take lissafta su. Da wuta tana da iko a kan rai, da kowane azzalumi mai itace ya fi Allah ƙarfi. Allah ya sawwaƙe.

Watakila ka ce, to, don me masu bi suka riƙe binnewa tun fil'azal? Domin jiki aikin Allah ne, ya kamata a girmama shi. Ibrahim ya sayi kogon Makfela domin ya binne Saratu, Ubangijinmu kansa a kabari aka sa shi. Binnewa wa'azi ce ga masu rai, cewa shuka muka yi, muna jiran kaka. Amma abin da Allah yake dubawa niyya ce. Annabi Amos ya tsauta wa Mowab domin sun ƙone ƙasusuwan sarkin Edom, gama wulakanci suka nufa. Mutanen Yabesh-gileyad kuwa sun ƙone gawar Sarki Shawulu bayan sun ƙwato ta daga hannun Filistiyawa, suka binne ƙasusuwansa, Dawuda kuma ya sa musu albarka saboda alherinsu. Haka nan Ikilisiyar Katolika ta hana ƙona gawa a 1886, sa'ad da waɗansu suke yin haka domin musun tashin matattu, ta kuma sassauta a 1963. Ko a inda akwai laifi, yana wuyan mai rai wanda ya aikata, ba ya bin mamacin.

To, yaya za ka yi?

Ka riƙe binnewa, gama ita ce al'adar masu bi da ta ƙasarmu, ba kuwa abin tuntuɓe a cikinta ga maƙwabtanka Musulmi. Kada ka yi wa wanda aka ƙona hukunci, ko a Legas ne, ko a Indiya, ko a Ingila. In gobara ko haɗarin mota ya ci wani a unguwarku, ka tafi gaisuwa, ka zauna da su, ko da ba addininku ɗaya ba. Kada bakinka ya ce horon Allah ne ya same shi.

Kai kuma da danginka suka ce, in ka bi wannan hanya ba mai yi maka sutura, kada zuciyarka ta karai. Ka amsa musu da ladabi, ka ci gaba da kyautata musu. 'Yan'uwanka masu bi wajibi ne su ɗauke ka ran da ka cika, su haƙa kabarinka. Ko da mutuwa ta same ka a inda ba kowa, ba ka ɓace wa Makiyayinka ba.

Abin da za a tambaye ka a ranar nan shi ne wanda ka dogara gare shi, da yadda ka zauna da mutane tun kana da numfashi. Wannan kuwa yau ake shirya shi. Allah ya ba mu cikawa da bangaskiya, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.