BAƘON KUƊI DA BAƘON ALLAH: TSOKACI A KAN KARAMCI TSAKANIN OTAL DA GIDAN FATOMA

Gabatarwa

Duk wanda ya san Kasuwar Shanu ta Maiduguri ya san cewa ba dabbobi kaɗai ke shigo ta ba. Kowane garke yana tafe da mutum a bayansa, kowace tirela da za ta ɗauki shanu zuwa Legas ko Ibadan ko Fatakwal tana tafe da direba da yaran mota da mai dukiya. Waɗannan mutane, daga Chadi suka fito ko Kamaru ko Nijar ko kudancin Nijeriya, idan rana ta faɗi dole su nemi inda za su sa haƙarƙarinsu. Wasu sukan sauka gidan fatomansu kamar yadda aka gada, wasu kuwa sukan nufi cikin gari su kama ɗaki a otal. Wannan maƙala za ta dubi tambayar da ke tsakanin waɗannan masaukai biyu: shin mutumin da ya biya kuɗin kwanansa baƙo ne, ko kuwa mai saye ne kawai? Idan baƙo ne, wane haƙƙi yake da shi wanda ba a rubuta a jikin rasit ba?

Matsayin Baƙo a Wurin Bahaushe

Bahaushe ya ce, "Baƙonka Annabinka." Ya kuma ce, "Baƙo raɓa ne," wato da hantsi ya dubi ludayi sai a neme shi a rasa. Karin maganar farko tana nuna girman baƙo, ta biyu tana nuna gajertar zamansa, kuma idan aka haɗa su sai a ga dalilin da ya sa ake gaggauta kyautata masa, domin damar ba ta daɗewa. Akwai ta uku wadda ta fi su bayyana rauninsa, inda ake cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Bai san farashi ba, bai san unguwar da ba a shiga da dare ba, bai san wanda ake gaisarwa a durƙushe ba. Ashe ke nan tushen karamci shi ne rauni: wani ya faɗo hannunka a lokacin da ba shi da dangi ko maƙwabci da zai tsaya masa.

Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan fahimta. Hadisi ya ɗaure girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya kuma ƙayyade liyafa da kwana uku, abin da ya wuce haka ya zama sadaka. Alƙur'ani ya sanya matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin mutum takwas da ake ba zakka, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu. Ya kuma ba da labarin Annabi Ibrahim (A.S.) wanda ya gaggauta kawo wa baƙinsa gasasshen ɗan maraƙi alhali bai san ko su wane ne ba. Shi ma Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 game da mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa karamci tare da gaskiya da amana da mutunci cikin siffofin da ake auna mutum da su.

Fatoma: Karamcin da Ke Cin La'ada

Mai saurin yanke hukunci zai ce, to, ai an gama magana: karamci na Allah da Annabi ne, otal kuwa kasuwa ce, da zarar kuɗi ya shiga tsakani alheri ya fita ta taga. Sai dai tarihin fataucin shanu bai goyi bayan wannan hukunci ba.

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, kai, tun kafin a kafa Yerwa kanta a 1907, fatake a ƙasar Borno da ƙasar Hausa suna da masu masaukinsu. Fatoma, ko maigida kamar yadda ake kiransa a zangunan kudu, shi ne ke ba falke ɗaki da tuwon dare, ya nema wa dabbobinsa wuri, ya haɗa shi da dillali, ya ajiye masa kuɗinsa. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa ana sayar wa mahauta shanu bashi ne, kuma maigida ne ke tsaya wa baƙonsa lamuni. Idan mahauci ya ƙi biya, asarar a wuyan maigida take. Polly Hill ma ta tarar da irin wannan tsari a Kumasi.

Abin lura shi ne, fatoma ba don Allah kaɗai yake wannan hidima ba. Yana da rabonsa a cikin la'adar da ake fitarwa bayan ciniki ya faɗa, kuma da ita yake riƙe gidansa. Duk da haka babu wanda ya taɓa cewa fatoma ba mai karamci ba ne. Me ya sa? Domin ya ɗaura sunansa a kan na baƙonsa. Idan aka cuci baƙon, shi aka cuta. Idan baƙon ya kwanta ciwo, shi zai nemo magani, idan kuma ta Allah ta kasance, daga ƙofarsa za a ɗauki gawa, shi zai aika wa dangi da labari tare da dukiyar mamaci. Wannan ya nuna cewa ba karɓar kuɗi ke kashe karamci ba. Abin da ke kashe shi shi ne a karɓi kuɗin mutum a ƙi karɓar nauyinsa.

Abin da Otal Ke Sayarwa

Ya kamata a yi wa otal adalci, domin akwai abin da yake bayarwa wanda gidan fatoma ba ya iya bayarwa. Na farko shi ne 'yanci. Wanda ya sauka a gidan wani, ya shiga ƙarƙashin dokar gidan: zai ci abin da aka dafa, ya kwanta lokacin da aka rufe zaure, ya sayar da shanunsa ta hannun dillalin maigida ko da ya hango wanda zai fi saya da daraja. Kunya takan ɗaure masa baki. Wanda ya kama ɗaki a otal kuwa, da ya karɓi makulli ya zama sarkin kansa, babu wanda zai yi masa gori gobe.

Na biyu shi ne daidaito. Gidan fatoma yana buɗewa ne ga wanda aka sani, ko wanda wani sananne ya turo. Malamar da ta zo taro a Jami'ar Maiduguri, ko ɗan kasuwar da ya fito daga Anacha ba shi da kowa a gari, ko ma'aikacin agaji daga Faransa, duk ba su da fatoma. Otal ba ya tambayar mutum ɗan wane ne, ko wace alƙibla yake duba. Masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya yi bayani a 1795 cewa kowane ɗan Adam yana da haƙƙin kada a tarbe shi da gaba don kawai ya iso ƙasar da ba tasa ba. A iya cewa otal, duk da kasancewarsa kasuwa, yana cika wannan ƙaramin haƙƙi ga mutanen da al'ada ba ta tanadar musu shimfiɗa ba.

Amma fa wannan 'yanci yana da farashin da ba a rubuta shi a allo. Wanda babu mai sa masa ido, babu kuma mai lura da shi. Mutum yana iya kwana uku a bayan rufaffiyar ƙofa zazzaɓi na cin sa, kuma ba a tuna da shi sai ranar da kuɗinsa ya ƙare.

Tabarma da Fuska

A yau idan ana maganar ingancin otal, akan lissafa abubuwan da ido ke gani: tsabtar zanen gado, ruwa a famfo, janaretan da ke tashi idan an ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki a zafin bazarar Borno, da abinci a kan lokaci. Waɗannan duka haƙƙi ne, kuma ba ƙaramin haƙƙi ba, domin su aka yi ciniki a kansu. Mai otal da ya karɓi kuɗin ɗaki mai ruwa ya ba da ɗakin da famfonsa ya bushe, daidai yake da mai tauye mudu. Wannan babi ne na gaskiya da cika alkawari, bai ma kai ga karamci ba tukuna.

Bahaushe ya riga ya raba mana matakan biyu da ya ce, "Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma." Tabarma ita ce abin da kuɗi ke saye. Sai dai wani zai ce, ai fuskar ma yanzu ana sayar da ita, tun da ana koya wa ma'aikata su yi murmushi su ce, "Sannu da zuwa, Alhaji," ko "Barka da asuba, Hajiya," ko da zuciyarsu ba ta wurin. Wannan gaskiya ne, kuma ba abin zargi ba ne, domin ladabin da aka koya ya fi rashin ladabin da aka haifi mutum da shi. Amma murmushin da aka horar ba a gane asalinsa sai an zo inda dokar aiki ta ƙare. Alal misali, falke ya iso da tsakar dare an tare shi a hanya an raba shi da kuɗinsa. Ko baƙo ya manta jakarsa a ƙarƙashin matashi ya kama hanya. Ko mai shara ta lura cewa tiren abincin da ta ajiye a ƙofar wani ɗaki tun safe ba a taɓa shi ba. A irin waɗannan wurare babu abin da rasit zai ce. A nan ne ma'aikaci yake zaɓar ko dai ya tsaya a matsayin mai tsaron ɗakuna, ko ya zama fatoma. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Baƙo a Zamanin Tsoro

Maiduguri ta ɗanɗana wata jarrabawa da ta sa wannan tambaya ta ƙara nauyi. Tun daga rikicin da ya ɓarke a 2009, baƙuwar fuska ta zama abin tsoro. A 2016 gwamnatin Jihar Borno ta dakatar da cinikin shanu a wasu kasuwanni, har da ta Gamboru, bisa zargin cewa 'yan Boko Haram na shigo da shanun sata ta hannun wasu suna sayarwa. Wato amanar da aka gina fatauci a kanta ita ce aka mayar makami. A irin wannan hali, mai masaukin da ya nemi katin shaida, ya binciki jaka, ya rubuta sunan mai shigowa, bai saɓa wa karamci ba, domin sauran baƙin da ke barci a ɗakunansa su ma amana ne a hannunsa. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi binciken. Ana iya buɗe jakar mutum a bar masa mutuncinsa a rufe, ana kuma iya tozarta shi saboda harshensa ko rawaninsa tun kafin a taɓa kayansa.

Wani abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da tsoro ya fi yawa, a lokacin ne mutanen wannan birni suka fi buɗe ƙofofinsu. Mafi yawan waɗanda rikici ya koro daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno ba a sansanoni suka zauna ba, a gidajen jama'a suka zauna, ba kwana uku ba, shekaru. Haka kuma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, 'yan gari da kansu suka wayi gari baƙi a gidajen waɗanda ruwa bai kai wa ba. Darasin a fili yake: tsakanin mai masauki da baƙo dare ɗaya ne. Otal ɗin da aka gina a cikin irin wannan al'umma ba shi da hujjar cewa bai san ma'anar baƙo ba.

Haƙƙin da Ke Kan Baƙo

Magana ba za ta cika ba idan aka ɗora nauyi a kafaɗa guda. Baƙon gidan fatoma ya san iyakarsa: ba ya leƙa cikin gida, ba ya raina tuwo, yakan riƙo tsaraba, idan zai tafi ya yi sallama da godiya. Baƙon otal kuwa sau da yawa yakan ɗauka cewa kuɗinsa ya yafe masa duk wannan. Sai ka ga dattijon da ake ganin girmansa a unguwarsu yana daka wa yaron da ke ɗaukar masa kaya tsawa, ko ya bar famfo na zuba a garin da ake sayen ruwa a jarka, ko ya aikata a bayan ƙofa abin da ba zai yarda a sani a gida ba. Wanda ya ce shi mai saye ne kawai, ya ba mai otal damar ya ce shi ma mai sayarwa ne kawai. Mai neman a ɗauke shi baƙo, sai ya riƙe ladabin baƙunci, ya tuna cewa mai gadi da kuku da mai wanki ƙarfinsu suka sayar, ba mutuncinsu ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa wanda ya biya kuɗin ɗaki bai fita daga sahun baƙi ba, domin kuɗi ba ya warkar da makantar baƙunta, ba ya kuma zame wa mutum dangi a garin da ba shi da kowa. Biyan kuɗi yana ƙara masa haƙƙin ciniki ne a kan haƙƙin baƙunci, ba ya musanya ɗaya da ɗaya. Fatoman Kasuwar Shanu ya daɗe da nuna cewa ana iya cin la'ada a kuma riƙe amana, har ma amanar ce ke sa falke ya komo baɗi, ya kuma turo ɗansa bayan ransa. Idan masu otal da ma'aikatansu suka ɗauki wannan gado, suka haɗa shi da 'yanci da daidaiton da sana'arsu ta zo da su, to baƙon kuɗi zai kwana a matsayin baƙon Allah, su kuma su sami riba a kasuwa da lada a wurin Mahalicci. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.