GAYYA KO ƘWADAGO?

A hutun rani da ya wuce na koma ƙauyenmu a ƙasar Ɗambatta, na tarar Baffana yana shirin kwashe kifinsa. A bayan gonarsa akwai wani kududdufi wanda kakanninmu suka haƙa garin ɗibar ƙasar gini. Da damina ta cika shi, sai Baffa ya sayo 'ya'yan tarwaɗa ya zuba, ya yi wata shida yana ciyar da su.

Ran kwasa ya yi gayya, mu 12 muka shiga da taru. Tun hantsi muke cikin taɓo har azahar, ƙayar tarwaɗa ta soki mutum uku. Dillali ya zo daga Kano ya auna, ya loda. Sai Baffa ya shiga miƙa wa kowa kuɗi. Wani dattijo maƙwabcinmu ya janye hannunsa, ya ce, "Alhaji, gayya ka kira ni, ba ƙwadago ba. Ina na miya?" Baffa ya ce, "Haba Malam, kuɗin nan ai ya fi kifi biyu." Dattijo ya saɓa rigarsa ya tafi.

To, ɗan'uwa mai karatu, wa ke da gaskiya?

Baffa yana da hujja. Shi ya sa jari, kuma da kifin ya mutu, shi kaɗai zai yi asara. Ba a kuwa ce ya ƙwari kowa ba. Amma ni a ganina dattijo ya fi shi gaskiya, saboda dalilai biyu.

Na farko, malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa a ijara sai an ambaci lada tun kafin a fara aiki. Baffa bai yanka wa kowa lada ba, cewa ya yi a zo a taimaka. Ashe ba haya ya ɗauke mu ba. Ladan ɗan gayya kuwa shi ne ya san ranar da tasa ta taso za a zo masa. Wanda ya biya ka kuɗi ya sallame ka ke nan, babu sauran bashin zumunci tsakaninku. Abin da dattijo ya ƙi karɓa ke nan.

Na biyu, kifin na Baffa ne, amma ramin fa? Gumin gari ne ya haƙa shi, ruwan kuma na Allah ne. Hausawa sun daɗe da sanin cewa ruwa yana da haƙƙin jama'a, shi ya sa ake naɗa Sarkin Ruwa. Ko a Argungu, inda bikin su ya shahara tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan a 1934, ba mai jefa homa a Matan Fada sai an ba da izini.

Ba ina cewa a daina kiwon kifi don riba ba ne. A ƙasa irin tamu, inda gona ke manne da gona, dole a nemi abin haɗawa da noma. Abin da nake cewa shi ne, mai son ƙwadago ya faɗa tun farko, mai kiran gayya kuma ya yi rabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka nan ba ya jan taru.

Da magariba Inna ta sa tarwaɗa biyu a ƙwarya, ta ce in kai gidan dattijo. Ya karɓa. Allah Ya sa mu gane haƙƙin juna, amin.