Littafin da Za a Iya Miƙa wa Mai Makoki

Duk wanda ya leƙa shagon sayar da littattafan Kirista, a Jos ne ko a Kaduna, zai lura cewa waɗanda aka jera a gaban kanta kusan kamarsu ɗaya: bango mai sheƙi, hoton marubucin yana murmushi, da alkawarin nasara cikin 'yan matakai. Salon ya daɗe. A 1952 Norman Vincent Peale, wani fasto a birnin New York, ya fitar da littafinsa a kan ƙarfin kyakkyawan zato, kuma a 2004 Joel Osteen ya fitar da nasa mai matakai bakwai na samun rayuwa mafi kyau, dukansu aka saye su miliyoyi. Sai mutum ya matsa can ciki kafin ya ga wasu littattafan masu bango marar ado, waɗanda marubutansu suka yarda cewa sun taɓa yin addu'a suka ji shiru. Ra'ayina shi ne waɗannan na ciki su suka fi gina mai bi, kuma ma'aunin da nake gwada su da shi ɗaya ne: shin za a iya miƙa littafin ga matar da ta binne mijinta makon jiya, ba tare da an ƙara mata ciwo ba?

Babu inda wannan ma'auni ya fi fitowa fili kamar a rayuwar C. S. Lewis, domin shi da kansa ya rubuta littattafai biyu a kan wahala, shekara ashirin da ɗaya tsakaninsu. Na farko, The Problem of Pain, ya fito a 1940, lokacin yana malami a jami'ar Oxford, bai yi aure ba. Littafi ne na mai kaifin basira, hujja na bin hujja, yana bayyana yadda Allah mai ƙauna zai bar azaba a duniya. Daga baya ya auri Joy Davidman, marubuciya Ba'amurkiya, kuma ciwon daji ya kashe ta a watan Yuli na 1960. A makonnin da suka biyo baya ya riƙa tsinto littattafan rubutu da ke ajiye a gidan yana zuba abin da ke cinsa, har ya cika huɗu. Su ne suka zama A Grief Observed a 1961, wanda ya buga da sunan aro, N. W. Clerk. A cikinsa ya kwatanta addu'a da ƙofar da aka rufe wa mai buƙata, yana jin ana danna sakata daga ciki. Ya ce abin da yake tsoro ba daina gaskata akwai Allah ba ne, tsoronsa kada ya wayi gari yana ɗaukar Allah mugu. Bai janye hujjojinsa na 1940 ba, amma ya gano cewa igiyar da mutum ya ɗaure kaya da ita daban take da igiyar da zai rataya a kanta bisa bakin rami. A ƙarshen littafin ƙofar ta ɗan sassauta, kuma mai karatu ya yarda da wannan ɗan haske saboda ya ga tsadar da aka biya kafin a same shi.

Wani zai ce wannan halin Turawan zamani ne masu yawan tambaya. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Augustine, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya rubuta littafin ikirarinsa yana bishop na Hippo, wajen shekarar 400, kuma bai ɓoye shekaru tara da ya yi a cikin ɗariƙar Mani ba, ko lokacin da ya karkata ga masu cewa ba a iya sanin gaskiya tabbatacciya, kafin Ambrose ya yi masa baftisma a Milan a 387. John Bunyan, makerin da ya yi shekara goma sha biyu a kurkukun Bedford saboda wa'azi ba da izini ba, ya sa jarumin littafinsa na 1678 ya faɗa kurkukun shakka a hannun ƙaton fid da rai, kuma abin lura, hakan ya faru ne bayan mai tafiyar ya yi nisa, ya riga ya sauke kayan zunubinsa a gindin gicciye. Mai karatu Musulmi ma zai tuna Imam Gazali, wanda ya ba da labarin wata biyu da ya yi cikin ciwon shakka kafin Allah ya yaye masa.

Hujja mafi nauyi tana cikin Littafi Mai Tsarki da kansa. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shirun shi ne mafi alherin abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki, sai suka kawo koyarwa mai tsari: mai adalci yana cin riba, mai wahala akwai abin da ya ɓoye. Ayuba ya ƙi, ya yi ta kai ƙarar Allah wurin Allah. A sura ta 42, abokan ne aka tsawata wa, aka ce ba su faɗi gaskiya game da Allah ba kamar yadda Ayuba ya faɗa. Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, kuma waɗanda suka tattara Zabura ba su cire ta ba. Littafin da ke koyar da cewa bangaskiya ta gaske kullum tana haifar da lafiya da arziki, ko marubucinsa ya sani ko bai sani ba, a layin Elifaz yake tsaye.

Akwai masu suka, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Sukan tuna mana wasiƙar Yakubu, wadda ta kwatanta mai shakka da raƙuman ruwan teku da iska ke korawa. Sukan ce sabon tuba da aka ba shi littafi cike da tambayoyi kamar jariri ne da aka ba tuwo kafin ya yi haƙori. Na yarda da rabin wannan. Ba kowane littafi ne na kowane lokaci ba, kuma fasto mai hikima ya san wa zai ba me. Na kuma yarda akwai marubutan da suka mai da shakka ado, suna zaune cikinta suna jin daɗi. Amma Yakubu yana magana ne a kan mai zuciya biyu, wanda bai yanke shawarar wa zai bi ba. Wannan daban yake da mutumin da ya kama, yana kuka, ya ƙi saki. Wasiƙun Uwa Teresa da aka buga a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna ta yi kusan shekara hamsin tana jin kamar Allah ya yi mata nisa, alhali a duk tsawon lokacin tana tashi da asuba ta yi addu'a, ta fita wurin marasa lafiyar Kalkata. Ba wanda zai kira wannan zuciya biyu.

Suka ta biyu ta fi taɓa ni: talaka mai fama da yunwa bege yake nema, me zai yi da littafin baƙin ciki? Gaskiya ne, kuma ban raina ƙarfin gwiwar da mutane ke samu daga littattafan nasara ba. Matsalar tana zuwa ne ranar da alkawarin bai cika ba. Idan an koya wa mutum cewa amsar addu'a tana bin girman bangaskiyarsa, to ranar da ɗansa ya mutu zai ɗauki kaya biyu, rashin da kuma zargin kansa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu na 2014 'ya'yanta ne, ta ga an ƙone majami'unta, an kashe membobinta, har hedikwatarta da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a cikin shekarar ta 2014. Iyayen da suka yi azumi suka yi addu'a shekara da shekaru, wasu 'ya'yansu suka dawo wasu har yau shiru, wa zai tsaya gabansu ya ce bambancin yana cikin ƙarfin bangaskiyarsu? Abin da zai yi musu amfani shi ne littafin da ya san wannan shirun, kuma zai fi kyau a ce da Hausa aka rubuta shi, daga bakin waɗanda suka sha ɗacin, tunda yawancin waɗanda na ambata da Turanci ake samunsu a kantunanmu. Irin wannan littafi zai iya farawa daga Toma, wanda ya ce ba zai gaskata ba sai ya ga gurbin ƙusoshi, amma bayan kwana takwas, in ji Yohanna, yana nan a ɗaki ɗaya da sauran almajiran, ba su kore shi ba, shi ma bai tafi ba.