Ka riƙa ɗaukar wayar mutanen Guci

Ɗana, na ji an ɗaga ka, kai ne yanzu ke riƙe da sashen kwamfuta a kamfanin aika kuɗin da kake aiki a Damagaram. Allah ya sanya albarka. Sai dai wakilanku na Guci da Dungas suna kuka da kai, ni kuwa kawunka ne, ba zan ji in yi shiru ba. Sun ce in na'ura ta tsaya suka kira ka, wayar ta yi ta ƙara har ta katse, ko ka aiko da gajeren saƙo cikin Faransanci cewa a jira.

Ka san wa ke tsaye gaban wakilin nan a lokacin? Tsohuwa ce wadda ɗanta ya tafi ci-rani Kano ko Libiya, ya aiko mata kuɗin hatsi a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Ta biya ɗan kabu-kabu daga ƙauyensu, kuma sai ta biya na komawa. In aka ce mata babu rezo, ba ta san wani ofis a Damagaram ba, wakilin take gani, shi take zargi. Shi kuwa ɗan gari ne, gobe za su haɗu wajen suna ko jana'iza. Mutuncinsa yake jinginarwa domin kamfaninku ya ci abinci, kai kuma ka bar shi ba shi da abin faɗa mata.

Ban ce duk laifinka ba ne. Wutarmu ta layin Katsina take shigowa daga Najeriya. An yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. A wannan Maris ɗin ma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. Ba kai ka yanke su ba. Amma wanda ya ga wannan da idonsa ba ya zama sai matsala ta zo ya fara tunani. Kowane shago ya sami faifan hasken rana da batir mai riƙe caji. Kowane wakili ya riƙe layi biyu, in na Airtel ya yi rauni ya koma Moov ko Zamani. A riƙa adana kwafin bayanai a wani wuri dabam, a kuma kaɗe ƙurar hunturu daga na'urori kafin ta kashe su.

Sannan ka koya wa wakilan, da Hausa, cewa ba a ba kowa lambar sirri ta waya. 'Yan damfara suna kira da sunan kamfani, kuma wakilin da ya saba ba a amsa masa daga ofis shi ne farkon wanda zai yi murna ya ji an kira shi.

In gyara zai ɗauki wuni, ka ce wuni ne, kada ka ce yanzu-yanzu. Da haka wakili zai sallami mutane su koma gida da rana. In ba za ka iya ɗaukar kowane kira ba, ka sa yaro guda aikinsa ke nan, ya rubuta kowane ƙorafi, kai kuma ka duba kafin ka tashi. Bayan girbi ka zo ka wuni a shagon wakilin Guci ranar kasuwa, ka zauna a bencin masu jira. Ka gaishe min da iyali.