Chuck Ya Faɗi Gaskiya, Me Ya Sa Muka Tsane Shi?

Tun kafin a fara haska Better Call Saul a 2015, mun san makomar Jimmy McGill. Breaking Bad ya riga ya nuna mana shi a matsayin Saul Goodman, lauyan dillalan ƙwaya a Albuquerque. Duk da haka muka shafe zango shida muna yi masa fatan shiriya, muna jin haushin yayansa Chuck, wanda ya dage cewa ƙaninsa ba zai taɓa gyaruwa ba.

Abin da Chuck ya hango kuwa shi ya faru. To, me ya sa muka tsane shi?

Saboda da hannunsa a ciki. Da Jimmy ya zama lauya, Chuck ne ya hana a ɗauke shi aiki a kamfaninsu, a ɓoye, ya bar abokin aikinsa Howard da baƙin jini. Wannan bai wanke Jimmy ba. Shi da kansa ya amsa laifinsa a kotu, aka yanke masa shekara 86.

Amma mu ma muna da ƙannen da muka yanke wa hukunci tun suna yara. Kafin mu ce “ai na faɗa”, mu tuna ƙofa nawa muka rufe musu.